Kofin Gwaggo Melenaite

Ha'apai, 11 ga Agusta

Ɗan'uwana Kelepi,

Godiya ga Ubangiji da ya bar mu da rai har na ɗauki biro. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna da sauran mutanen Brisbane. Mu nan ƙalau. Baba yana fama da bayansa. Ƙafafun Gwaggo Melenaite, yayar iyayenmu maza, sun sake kumbura, amma bakinta lafiya lau. Cikin aladu ukun da suka tsira daga jana'izar babanka, ɗan'uwan Baba, ɗaya ta haihu.

Gaisuwa ta ƙare. Kelepi, me ka yi?

Ranar Laraba muna sauke buhunan fulawa a bakin jirgi, rediyo ta ambaci sunanka. Na ajiye buhu, na ɗauka wata gasa ka ci. Sai na ji wai an dakatar da kai daga wasan tanis, wai an sami haramtacciyar ƙwaya a fitsarinka. Sunan kakanmu da fitsari a jimla ɗaya, a rediyo, gaban tsibiri duka!

Da yamma a wajen shan kava, jiƙon saiwar nan da maza ke taruwa su sha, Feleti mai gareji ya ce, "Ashe ƙarfin gidanku a kwalba ake sayensa? Lisiate, a sam mana mu ma mu ɗaga buhu." Mutane suka yi dariya. Na ce masa da ana sayar da ƙwayar hankali da na saya masa buhu guda. Bai yi shiru ba, na taimaka masa. Yanzu leɓensa ya kai girman gwaza, ni kuma an hana ni zama wurin har wata guda.

Na ce wa kowa ƙarya ce. Na ce Turawa ne ba sa son ganin ɗan Tonga ya kai na ɗari da saba'in a duniya da raket a hannu, sun fi so su gan mu muna tsinkar lemo a gonakinsu. Na faɗa da ƙarfi, har na yarda da kaina.

Na kira wayarka sau ashirin, a kashe take. Ko ta shiga ma ina zan yi magana? Ka san gidanmu, in ka yi tari a ɗaki Gwaggo za ta aiko a tambayi lafiyarka. Shi ya sa na rubuto, matar fasto za ta kawo maka. Gwaggo ba ta san komai ba tukuna, an ce mata ciwon kafaɗarka ne ya hana ka wasa. Duk gida an ɗaure baki, rediyonta ma Baba ya zare mata batir.

Ka ba ni amsa da kalma ɗaya. Ka sha ko ba ka sha ba?

Ƙaninka,
Lisiate

Brisbane, 29 ga Agusta

Lisiate,

Na gode wa Ubangiji da kuke lafiya. Inna tana gaishe ku, hawan jininta ya tashi amma da sauƙi. Kafaɗa tana nan yadda take.

Na kashe waya ne saboda 'yan jarida. Ka daina dukan mutane saboda ni.

Ka ce kalma ɗaya. Na sha. Abin da aka samu a jikina da bakina na sha shi, idona biyu, babu wanda ya ɗaure ni. Kada ka tayar da maganar a gida, musamman gaban Gwaggo. Ka bar ni na ɗauki abina.

Yayanka,
Kelepi

Ha'apai, 10 ga Satumba

Kelepi,

Muna lafiya. Ban tambayi taka ba, mai shan ƙwaya ai ba ya rasa ƙarfi.

Layi biyar. Na jira kwana ashirin, na fasa wa mutum baki, ka aiko mini layi biyar kamar takardar asibiti. "Na sha." Ko kunya babu!

Ka san abin da kake a tsibirin nan? Lokacin da ka buga wasan share fage a Melbourne, a zauren coci muka kalla, mutum ya fi ɗari a kan talabijin ɗaya, tsofaffin da ba su san yadda ake ƙirga maki ba suna ihu duk sanda ka goge gumi. Ni na bar makaranta a aji uku, ni ne ɗan gidan da ba a faɗin sunansa in baƙi sun zo. Ban taɓa jin haushi ba. Na ce to, ɗayanmu ya fita. Duk jaridar da masu jiragen yawon buɗe ido suka bari sai na bincika shafin wasanni ko zan ga sunanka. Da sunanka na koyi karanta Turanci, wawa.

Wata biyu kacal da binne babanka. Ka zo nan ka ɗaura tsohuwar tabarmar makoki a jikinka har wuya, ka zauna a ƙasa kusa da murhu kwana goma kamar ɗan kirki, Gwaggo ta yanke maka gashi da hannunta. Ashe da ƙwayoyinka a jaka? A ɗakina ka kwana, a nan ka ɓoye su?

Na cire hotonka daga bango. Ban yaga ba, don Baba yana ciki.

Gwaggo kuwa kullum sai ta tambaya, "Kafaɗar yarona ta sauka? Maganina ya yi aiki?" Jiya ta ce in rubuta maka cewa ta yi azumi dominka. Ga shi na rubuta. Ka ji daɗinsa.

Lisiate

Brisbane, 27 ga Satumba

Lisiate, jakin gidanmu,

Ina gaishe ka duk da haka. Inna ta karanta wasiƙarka kafin ni, ta yi kuka, sannan ta ce rubutunka ya yi kyau.

Littattafai nawa ka cinye amma layi biyar sun gagare ka. Na ce na sha, ban ce na saya ba. Ban so in faɗa maka ba, amma ba zan iya jure zagin duniya in haɗa da naka ba.

Abin da suka samu sunansa furosamaid. Ba ya ƙara wa kowa ƙarfi, ruwa yake fitarwa daga jiki. An haramta shi ne don masu maguɗi suna wanke jikinsu da shi kafin gwaji. An gwada ni kwana biyu bayan na dawo daga wurinku. Shekara takwas ina wasa, ko maganin mura ban taɓa sha ba sai na nuna wa likita. Abu ɗaya ne ya shiga cikina ban san mene ne ba.

Ranar ƙarshe ta zaman makoki, ka tuna? Gwaggo tana zaune a kan tabarmarta a saman kowa, ta kira ni, ta murza mini kafaɗa da man kwakwa, sannan ta miƙo mini kofi. Dangi duka suna kallo. Na san dokar aikina, na san bai kamata ba. Amma kai ka faɗa mini, yayar babana, wadda ta raɗa mini suna, kwana goma da binne ƙaninta, in dube ta in ce, "Gwaggo, me kika zuba a ciki?" Na shanye har ƙasa. Daren nan na fita fitsari ya fi sau goma, kai ma ka yi mini tsiya.

Lauyata ta ce in ba mu nuna inda abin ya fito ba, za su ɗauka da gangan ne, shekara huɗu. Shekarata ashirin da bakwai, Lisiate. Shekara huɗu ba hutu ba ne, kabari ne. In mun kawo shaida, wataƙila wata 'yan watanni. Ana rufe karɓar shaida ranar 14 ga Nuwamba.

Na ce mata ban san komai ba. Ba zan kai sunan Gwaggo gaban Turawa ba. Amma kai ne ke yi mata aike ranar. Don zuciyata kawai, me aka zuba?

Kelepi

Ha'apai, 9 ga Oktoba

Yayana Kelepi,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Ka ce wa Inna ta yafe mini. Hoton ya koma bango.

Akwai wani tsohon littafin magunguna da wani likita mai jirgin ruwa ya bari, babu bango, na ajiye shi don babu abin da nake yarwa. Na nemo sunan. Na karanta shafin sau uku. Sannan na je ɗakin Gwaggo da sunan zan share mata, na ɗauki kwalin ƙwayoyinta na asibitin Pangai, babban garinmu, na ƙafafun nan. Suna ɗaya, harafi da harafi.

Kelepi, ni na niƙa su.

Ta aike ni na sassaƙo ɓawon itace, ta dafa, ta tace. Sai ta kwance bakin zanenta ta ba ni ƙwayoyi, ta ce, "Niƙa min waɗannan. Su ke sauke mini kumburin ƙafa, kafaɗarsa ma ai kumburi ne." Na sa bayan cokali na niƙa a kan faranti, ina ma waƙa. Haka take yi wa kowa, ka sani. Rabin tsibirin nan sun sha ƙwayar hawan jinin wani. Ni mai karatu, ni mai yi wa mutane gorin jahilci a wajen kava, ban ko juya kwalin na duba ba. Sannan na zauna na rubuta maka wancan zagi.

Na sami Baba a gona yana haƙar doya, na faɗa masa komai. Ya ci gaba da haƙa. Sai ya ce, "Ba ka faɗa ba, ban ji ba."

Na ce, "Baba, aikin Kelepi ne zai mutu."

Ya ce, "Ƙwallo ce. Yaro ne, zai sami wani aiki. Yayata fa? Shekara saba'in da huɗu. Kai za ka je ka ce mata ta kashe ɗan ƙaninta da hannunta? Ni da na haife ka ban taɓa zama a inda ta zauna ba."

Na ce, "To mu yi ta rarrafe har mu mutu ke nan?"

Ya ɗaga fartanya, bai sauke a kaina ba, amma na ga ya yi tunanin hakan.

Wai ƙwallo ce! Da kana cin wasa ba ƙwallo ba ce, sunan gida ne, a gaban coci ake karanta shi. Yau ta zama ƙwallo. Ina jin haushinsa, ina jin haushin Turawanka da suke hukunta mutum kan abin da bai ƙara masa ko gudun kaza ba, ina jin haushinka da kake son mutuwa cikin ladabi. Wanda na fi jin haushi ba sai na faɗa ba, da shi nake kwana.

Ga shawara. Ka ce wa lauyar ni ne. Ni na sato ƙwayoyin na zuba maka don hassada. Kowa zai yarda, dama ni ne ɗan banzan gida. Ka amsa da wuri, jirgi yana ta lalacewa.

Lisiate

Brisbane, 21 ga Oktoba

Ƙanina,

Muna lafiya. Na fara bin mijin ƙanwar Inna wurin gini, ina ɗaukar ƙarafa da hannun hagu.

Ba laifinka ba ne. Maganar ƙarya kuma ka bar ta. Lauya ta ce katin asibitin da sunan Gwaggo yake, dole sai ita ta yi rantsuwa da bakinta. Ko da zai yiwu ma, ba zan sayi raket da sunanka ba.

Baba ya yi gaskiya. Ka bar ta ta ƙarasa kwanakinta tana ganin ta warkar da ni. Umarni nake ba ka a matsayin yayanka: kada ka faɗa mata.

Kelepi

Ha'apai, 6 ga Nuwamba

Kelepi,

Lafiyarmu ƙalau. Umarninka ya iso jiya, bayan jirgi ya yi kwana goma sha biyu a kwance. Na naɗe kifi da shi. Ya makara da mako guda.

Na jira amsarka har na gaji, ina ƙirga kwanaki. Ranar Asabar da safe matan saƙa ba su zo ba, Gwaggo tana zaune ita kaɗai a rumfa tana saƙa tabarma. Na shiga da gwiwa, na zauna can nesa.

Ta ce, "Yunwa ce ko ɗan wani ka sake duka?"

Na ajiye kwalin ƙwayoyin a gabanta. Na faɗa mata tun daga rediyo har shekara huɗu. Hannunta bai daina saƙa ba.

Ta ce, "Wa ya aiko ka?"

"Babu kowa."

"Ubanka ya sani?"

"Ya hana ni."

"Shi yana da tarbiyya." Ta ja zare. "Yaron fa?"

"Ya ce gara ya bar wasan da a kira sunanki."

Nan ne hannun ya tsaya. Ta ce, "Guda nawa ka niƙa?"

"Uku."

"Huɗu na ba ka."

"Ɗaya ta faɗi, kaza ta tsince."

Ta dube ni, irin kallon nan da ke sa fasto ya manta huɗuba. Ta ce, "Wata uku kuna kallona ina azumi kamar mahaukaciya. Fita."

Ba ta zo coci ba ranar Lahadi, karon farko a rayuwata. Baba ya gane. Ya watso mini kayana waje, littattafai da komai. Yanzu a rumfar kaya nake kwana a bakin jirgi, ni da ɓeraye, kuma sun fi wasu dangi daɗin zama.

Litinin da hantsi ina ɗaure igiya sai na ji tsibirin ya yi tsit. Na juya. Gwaggo ce ke saukowa kan hanya da ƙafa, da waɗannan ƙafafun. Ta ɗaura yagaggiyar tabarmar nan da kai ka ɗaura a jana'iza, ta masu zaman murhu, na ƙasa da kowa. A wuyanta ganyen itacen ifi, na masu neman gafara. Gwaggo Melenaite, Kelepi! Wadda ake kai wa kan alade kafin kowa ya ɗanɗana. Mutane suka rasa yadda za su yi, sai suka riƙa zama a ƙasa duk inda suke. Feleti ya zauna cikin baƙin mai. Baba yana binta yana kuka, "Yaya, don Allah ki cire, ni zan sa." Ko waiwaye ba ta yi ba.

Ta shiga kwalekwale ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "A ce wa mai karatun nan ya shigo, kar su rubuta abin da ban ce ba."

A Pangai nas ta ba da kwafin katinta. Daga nan ofishin alƙali. Magatakarda, wani yaro mai taye, ya rubuta cewa an ba ka maganin bisa kuskure. Na karanta mata. Ta buga tebur.

"Kuskuren wa? Rubuta ni na zuba, ni na miƙa. Rubuta bai tambaya ba don ba a haifi ɗan da zai tambaye ni ba a gidanmu. In Turawan suna neman wanda za su dakatar, ga ni, su dakatar da ni shekara huɗu."

Ya rubuta. Ta sa hannu. Na tsaya a kansu har aka aika wa lauyarka ta na'ura, na ga ta amsa. Ainihin takardun da kwalin suna tare da wannan wasiƙa.

A hanyar dawowa ba ta ce mini uffan ba. Har yau ba ta ce ba. Kada ka gode mini, ban san ko alheri na yi ba. Kai dai ka je ka tsaya gabansu da kyau. In ka bari tsohuwar nan ta sa ganye a banza, kada ka sake taka tsibirin nan.

Lisiate

Brisbane, 4 ga Disamba

Lisiate,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Baba ko ba ya son ji. Inna lafiya.

An dakatar da ni wata tara, daga ranar gwaji. Zan dawo wasa a Afrilu. Gasar Melbourne ta Janairu za ta wuce ni, matsayina zai zube, sai in fara daga ƙananan gasa kamar ɗan shekara sha tara. Amma zan buga.

Masu hukuncin sun yarda ba maguɗi ba ne. Watanni taran kuwa na sakaci ne, wai ya kamata in tambayi abin da ke cikin kofin. Lokacin da lauya ta karanta maganar Gwaggo, ɗayansu ya yi murmushi. Na riƙe kujera da hannu biyu. Wata jarida ta sa hotona da kanun "maganin daji". Kada Gwaggo ta gani.

Ina son zuwa Kirsimeti, amma ina tsoro. Yaya zan dube ta? Kuma lauya ta gargaɗe ni, daga yau kada in ci komai da ban san abin da ke ciki ba.

Na gode, ko ka hana.

Kelepi

Ha'apai, 13 ga Disamba

Kelepi,

Muna lafiya. Har yanzu ina rumfar kaya. Baba ya aiko mini da doya ta hannun fasto, ya ce a ce mini ba daga gare shi take ba.

Wai ya kamata ka tambaya! Su zo su tambayi Gwaggo mana, ni zan tuƙo su kyauta, in ga wanda zai koma da murmushinsa. Jaridar kuma ta riga ta gani, Feleti ne ya kawo mata da hannu biyu. Ta sa aka karanta mata, sannan ta hura wuta da ita.

Ta daina haɗa magani. Mata suna kawo yara masu zazzaɓi, sai ta ce su tafi Pangai. Tukunyar maganin ta kife ta a bayan rumfa. Wannan ni na jawo, kuma duk sanda na wuce sai na gan ta.

Jiya ta aiko a kira "wancan", wato ni. Na je na same ta a murhu da kanta, ita da rabonta da girki tun kafin a haife ni. Ta ce, "Zauna. Ka ga duk abin da na zuba, ka rubuta. Irin wannan zan dafa masa in ya zo."

Na rubuta. Ganyen gwaza. Naman rago. Madarar kwakwa, a gabana aka matse. Albasa biyu. Gishiri. Ta sa na karanta mata sau biyu, ta karɓi biro ta sa hannu a ƙasa, babban sa hannu irin na ofishin alƙali. Ta ce, "Aika wa Turawansa." Sannan ta zuba mini a faranti ta tura da ƙafa. Ban ji gishirin ba, hancina ya toshe.

Ga takardar nan a ciki. Ka nuna wa lauyarka, ka hau jirgi. Za ka zauna a ƙasa, za ta miƙo, za ka karɓa da hannu biyu. In ka rage ko loma ɗaya, ni zan karya maka ɗayar kafaɗar.

Ƙaninka,
Lisiate